Turken Ikrima

Dogayen ƙarafa huɗu masu kwana. Bol da noti a cikin gwangwanin madara. Sandunan walda ɗauri guda. Alli. Ƙullin daddawa da Inna Haulatu ta ce a kai wa Rabi, matar Ikrima. Sai keken Malam Sada.

Abin da Ikrima ya ɗauko daga Daura ke nan. Yana zaune a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gishiri da wata akuya mai ciki, mota ta miƙi hanyar Sandamu. Ƙarafan ya bar su a ƙasa suna ta ƙara. Keken kuwa ya rungume shi da hannu biyu, kamar mai kai marar lafiya asibiti.

Taubashinsa Nagoggo, mai fataucin hatsi, yana kan buhu yana kallonsa tun daga tasha. Da haƙurinsa ya ƙare ya ce, "Kai dai Allah ya ba ka keke ya hana ka ƙafa. Taya da iska, sarƙa da mai, amma ka ɗora shi a mota kamar amarya?"

"Ba a hawa sirdin maigida."

"Maigidan da aka yi wa sadakar arba'in?"

"Ko ta shekara arba'in aka yi."

"To Allah ya jiƙan Malam. Ya bar keke, ya bar mai goyon keke."

Mutanen mota suka yi dariya. Ikrima ya ƙara gyara riƙo.

Malam Sada mai walda shi ya koya masa sana'a, kuma shi ne yaron farko da ya fara zama a shagon. Dokar shagon ɗaya ce da kowa ya sani. Yaro zai goge keken Malam, ya sa masa iska, ya tura shi har ƙofar masallaci in an aike shi da shi, amma ba zai ɗora gindinsa a kan sirdin ba. Ikrima bai taɓa ɗorawa ba, ko da babu mai ganinsa. Da ya ƙware aka yaye shi, ya koma garinsu ya buɗe nasa shagon a wani ɗaki da dā ake sayar da giya, wanda aka rufe shekarar da Shari'a ta zo. Har yau in damina ta yi nisa bangon yakan tashi da wani tsami.

Hafizu ya zo shagon Malam ne daf da tafiyar Ikrima. Ikrima ya nuna masa yadda ake riƙe awartaki. Ikrima ya hana shi kallon wutar walda da ido tsirara, ya ɗiga masa ruwan albasa ranar da ya ƙi ji. Wannan Hafizun ne yanzu ake kwatance da shagonsa a Kongolam, can bakin iyaka.

Abin da ya ɗaga Hafizu kuwa turke ne.

Shi ƙarfe in ya ji wuta tafiya yake yi. Ka jera fayif sambal, ka ɗiga walda a nan, can ya janye. Ga gyaran tukunya ko ƙofa wannan ba komai ba ne. Amma masu dakon hatsi da jarkoki sun fi son keke mai dogon baya, wanda aka yanke aka ƙara masa tsawo aka ninka fayif, yadda zai ɗauki buhu biyu da mai shi. Irin wannan in ya kauce ko da faɗin yatsa, tayar baya ba za ta bi sawun ta gaba ba. Malam Sada ya yi wa abin dabara. Ya haɗa wani teburin ƙarfe mai mariƙai, inda ake ɗaure kowane fayif a mazauninsa kafin a kusanto da wuta. Ya sa masa suna turke, don ya ce ƙarfe dabba ne, sai an ɗaure shi yake tsayawa.

Da ciwon ajali ya kama Malam ya yi wasiyya gaban shaidu cewa a ba Hafizu turken. Alƙali ya duba, bai kai sulusin dukiya ba, ya tabbatar. Ba a ambaci Ikrima a wasiyyar ba, ko sifanar kwance noti ba a bar masa ba.

Ya je gaisuwa, ya yi addu'a, ya ga an ɗora turken a mota an yi arewa da shi. Ya koma Sandamu. Amma tun daga ranar duk keken da ya gifta ƙofar shagonsa sai ya bi shi da kallo, ya gane ɗinkin waldar. In na Hafizu ne, tuwon ranar ba ya shiga. Masu dako kuwa ba sa ɓoye magana. "Na Kongolam kamar kibiya," suke cewa, a gabansa, suna shan inuwarsa.

Shi ya sa ya koma wurin matar marigayi ya durƙusa ya roƙi keken. Inna Haulatu ta tambayi 'ya'yanta, babu mai so. Ta ce, "Ɗauki, ɗan nan. Ya fi ya ruɓe a zaure."

Lissafin Ikrima mai sauƙi ne. Wannan keken shi ne mai dogon baya na farko da Malam ya haɗa da hannunsa, tun kafin a yi turke. Ke nan keke uwa ne, turke ɗa. Hafizu ya tafi da ɗa. Shi zai ɗauki awo daga jikin uwar.

Washegarin dawowarsa da keken ya share tsakiyar shago. Ya haɗa ƙarafan nan huɗu suka zama shimfiɗa, ya duba da ruwa a kwano har sai da ruwan ya kwanta daidai ta kowace kusurwa. Ya cire wa keken tayoyi da bismilla, ya ajiye su a kan tabarma, ba a ƙasa ba. Ya tsayar da firam ɗin, wato gangar jikin keken, a kan shimfiɗar. Daga nan sai aikin haƙuri: duk inda fayif ya bi, ya yanka guntun ƙarfe ya kai shi ya rungume fayif ɗin, ya huda, ya sa bol, ya ɗaure. Mariƙi ɗaya a wuya, inda kan keke ke shiga. Ɗaya a cibiya, inda feda ke juyawa. Ɗaya a ƙarƙashin sirdi. Biyu a can baya, inda gatarin taya, ƙarfen da take juyawa a kai, ke zama. In an kawo wuta ya yi walda. In an ɗauke ya koma kan zarto da magagari.

Yana cikin haka ya ga abin.

Ya shafa wa zare alli, ya ja shi daga wuya zuwa baya, ya ɗaga ya saki. Farin layi ya fito a kan shimfiɗar. Wuya yana kan layi. Cibiya tana kan layi. Mazaunin tayar baya kuwa ya kauce hagu, kusan faɗin yatsa biyu.

Ya goge ya sake ja. Haka dai. Ya juya zaren, ya canza alli, kamar alli ne zai yi ƙarya. Ya kwanta a ƙasa ya rufe ido ɗaya ya hanga. Ba faɗuwa ba ce, ba karo ba ne. Babu lanƙwasa a jikin fayif. An yanka ne aka matsar, aka ɗinke da irin ɗinkin nan na Malam, mai kama da ƙwayar gero a jere. Da gangan aka yi.

Ikrima ya tashi zaune. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda rabonsa da shi tun kafin rasuwar. Ya taɓa ganin turken Malam, ya san a miƙe yake sambal. Ashe na kasuwa ne Malam ya yi a miƙe. Na kansa, wanda yake hawa da jikinsa, ya sa masa abin da bai sa wa kowa ba. Kowane gwani yana da abin da yake riƙewa. Ga shi nan a ƙarƙashin hannun Ikrima, shi kuwa na Kongolam yana can yana ta buga kwafi bai sani ba.

Rabi ta shigo ta ƙofar baya da kwanon fura, ta tarar da shi yana murmushi shi kaɗai.

"Baban Talatu, lafiya?"

"Zo ki ga." Ya nuna mata layin, ya nuna mata tazarar. "Sirrin Malam ke nan."

Ta sunkuya ta duba. "Ni dai karkace na gani."

"Ke me kika sani a ƙarfe?"

"Ban sani ba. Amma in zani ya karkace a jikina na sani. Ka hau ka ji yadda yake tafiya mana, kafin ka ɗaure komai."

Ya dube ta kamar ta zagi mahaifinsa. "In hau?"

"To ka ba wani ya hau."

"Abin da ban hau ba, wa zai hau?"

Ta ajiye furar ta koma ciki.

Ya ɗaure mariƙan baya a daidai inda keken Malam ya ce, ya bi su da walda har sau biyu don kada su taɓa motsi. Sannan ya mayar wa keken tayoyinsa, ya goge shi, ya rataye shi a bango.

Nagoggo ne ya fara kawo aiki. Ya ce da ma Kongolam zai kai, amma kada a ce taubashi ya tsallake taubashi. Ya kawo tsohon kekensa, Ikrima ya yanke shi gida biyu, ya jera sababbin fayif a turke, ya ɗaure. Ya kusanto da wuta. Ƙarfe ya yi ƙara, ya nemi tafiya, turke ya hana shi. Da ya huce ya kwance bol, firam ya fito ba tare da an sa guduma ba. Ikrima ya daɗe yana shafa shi.

Da aka haɗa komai ya hau ya zagaya filin gaban shago. Keken yana ɗan jan dama. Ya ji, ya kuma san ya ji. Ya gaya wa kansa keken kaya ne, sai da kaya zai nuna halinsa.

Nagoggo ma ya zagaya ya dawo yana karkata kai. "Kai, wannan dokin naka yana son dama. Ko ka yi masa wa'azi ne?"

"Ɗora masa buhu ka gani. Akwai abin da ke jikinsa wanda babu a na Kongolam."

"Mene ne?"

"In na faɗa maka, gobe duk Mai'aduwa ta ji."

Ran Lahadi Nagoggo ya ɗaure buhunan wake biyu ya nufi kasuwar Mai'aduwa. Ikrima ya wuni yana leƙen hanya. A ransa yana ganin keken a tsakiyar kasuwa, masu dako sun kewaye shi, wani yana cewa wannan ba aikin Hafizu ba ne, wannan ya fi. Har magariba Nagoggo bai dawo ba.

Sai hantsin Litinin wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Nagoggo ya sauko da ƙyar, gwiwar hannunsa ta dama a naɗe da tsumma, gefen fuskarsa a goge. Bayansa wani siririn mutum ya sauko da keken a kafaɗa, ya jingine shi a hankali. Ya tuɓe takalma tun daga bakin rumfa, ya durƙusa.

"Yaya Ikrima, ina kwana."

Hafizu ne.

"Lafiya," in ji Ikrima. Bai miƙa hannu ba sai da ya ga Nagoggo yana kallonsa.

Nagoggo bai jira an tambaye shi ba. "Sirrinka ya nuna halinsa. Tun daga Sandamu nake kokawa da shi kamar mai jan bijimi. Ina ja hagu yana ja dama. Muna gangarar nan ta kusa da Mai'aduwa ya ce shi fa sai gonar mutane. Ni da shi da wake muka sauka a rami. Wake ya fi kowa jin daɗi, ya bazu ya sha iska. Awakin garin suna yi maka godiya."

"Ɗaurin kayanka ne bai daidaita ba."

"Ɗaurin kayana? Tun kana tsotson yatsa nake ɗaure buhu."

Ikrima ya dubi keken. Bayansa ya canza. An yanke ɗinkinsa, an sake wani. Tayar baya tana tsaye a sawun ta gaba.

"Wa ya taɓa min aiki?"

"Ni ne, Yaya," in ji Hafizu, kansa a ƙasa. "Masu dako ne suka kawo shi wurina a amalanke. Na so in bari sai na tambaye ka, to mutumin yana da kaya a hanya. Ka yi haƙuri."

"A kan turken ka ɗora shi?"

"E."

"A gaban mutane?"

Nagoggo ya amsa masa. "Ranar kasuwa ce fa. Har 'yan ƙetare sun tsaya kallo. Kowa na tambaya aikin wane ne. Ni kuwa ka san ba na ƙarya in ba ta kama ba."

Hafizu ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan keken da ke rataye a bango, ya gangaro kan turken da ke tsakiyar shago. Ya tashi ya zagaya shi. Ya taɓa mariƙin wuya, ya gwada girgiza shi, bai motsa ba.

"Wannan ya fi na Malam ƙarfi," ya ce. "Wallahi ya fi shi. Namu sai na sa tsinke a cibiya yake kamawa." Ya kai hannu mariƙan baya ya tsaya. "Daga jikin wancan ka ɗauka?"

"Daga hannun Malam na ɗauka."

"Ai shi ne, Yaya. Wancan ba a ɗaukar awo a jikinsa." Ya yi maganar a hankali, kamar mai ba da haƙuri. "Bayan tafiyarka, da aiki ya ja baya a gari, Malam ya koma bin kasuwannin ƙauye da waldar gas. Tukunyar kabait mai ba da gas ɗin yake ratayawa a hagu, ita kuwa ka san nauyinta. Kullum tana rinjayarsa. Sai ya ce mu matsar da tayar ta shiga ƙarƙashin nauyin. In da tukunya a jiki, tafiya yake kamar ruwa. In babu, sai ka yi ta faɗa da shi."

A waje wani yana ta buga ƙararrawar keke.

Ikrima ya ji maganar duka, amma kalma ɗaya ce ta tsaya masa a rai. Mu. Mu matsar.

"Kai ka riƙe masa?"

"Ni na yanka. Shi ya ɗinke. Lokacin hannunsa bai fara rawa ba."

"Ka ce in babu tukunya sai an yi faɗa da shi. Wa ya gaya maka?"

Hafizu ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake."

"Shi ya ce in hau in gwada. Gwiwarsa ta dame shi ranar. Na ce a'a, ya ce umarni ne. Daga baya kuma in an yi kiran gaggawa ni nake zuwa da shi."

Ikrima ya juya ya dubi sirdin. Baƙar fata ce da ta sha zama har ta yi ƙyalli, ta lotsa a tsakiya. Dā yana ganin zaman mutum ɗaya ne ya lotsar da ita.

Nagoggo ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar taubashinsa, ya fasa. Ya ce zai je kemis a duba masa hannu, ya ja kekensa ya fita yana ɗingishi.

Hafizu ya sake durƙusawa. "Yaya, gyaran nan ba wuya. Mariƙai biyu ne kawai. In ka yarda ran Juma'a bayan an sauko in kawo na Malam a mota, ka ɗauki awo a jikinsa. Ko ma ya zauna a nan wata guda, ni ina da aikin ƙofofi da zai riƙe ni. Ai kai ne babba. Da an bi ta tawa, wurinka ya kamata ya zo tun farko."

Da Hafizu ya zo da gadara, da Ikrima ya san abin da zai yi da shi. Amma ga shi a durƙushe, ƙafa ba takalmi, yana miƙo abin da aka ba shi aka hana Ikrima, kuma da zuciya ɗaya yake miƙowa. Mai abu ne kaɗai ke iya irin wannan kyauta. Ikrima ya hango motar tana tsayawa ran Juma'a, mutanen Sandamu suna fitowa daga masallaci, ana sauke turken a gabansu. Ya hango kowane keke da zai fita daga shagon nan har ƙarshen ransa, a miƙe sambal, masu dako suna cewa ai Hafizu ne ya taimake shi.

"Ka ci abinci?" ya ce.

"Na karya a hanya."

"To kada motar Daura ta wuce ka."

Hafizu ya tashi. Ya fita rumfa ya sa takalmansa. Daga can ya juyo.

"Juma'ar fa, Yaya?"

Ikrima ya ɗauko zarto daga ƙusa ya ajiye a kan turken, kusa da mariƙan baya. Ya ɗauko zaren da allin. Sannan ya taka zuwa bakin shago ya kama ƙofar ƙarfen da hannu biyu. Rana tsaka ce, lokacin da ba a rufe shago. Ya ja ta, ta yi kuka a kan dogon ƙarfen da take bi, ta rufe. Ya sa sakata.

Ta bayan ƙofar ya yi magana, da ƙarfin da na waje zai ji.

"Kada ka kawo. Zan yanke nawa in sake da zare. Ko zan shekara ina zubar da mutane a rami, fayif ɗina ba zai hau turkenka ba."